Idan Ido Ɗaya Ya Ɗara Ɗan'uwansa Sama: Abin Yi Kafin Aiki da Bayansa

Yaron da kullum kansa a karkace yake zuwa kafaɗa ɗaya, a yawancin gidajenmu wuyansa ake fara tuhuma. A kai shi wurin maɗori a murza, a shafa man zafi, kaka ta ce goyo ne ya lanƙwasa shi, malamin aji kuma ya yi ta faɗin "miƙe kanka" har ya gaji ya ƙyale. Sau da yawa wuyan lafiyarsa ƙalau. Idanun ne ba su daidaita ba. Ɗaya ya ɗara ɗan'uwansa sama, yaron kuwa ya gano da kansa cewa in ya kwantar da kai gefe guda, abin da yake gani biyu yakan haɗe ya koma ɗaya.

Akwai gwajin da za ku iya yi a tsakar gida. Ku rufe masa ido ɗaya da auduga da filasta, ku bar shi ya ci gaba da wasansa na kamar sa'a guda, kuna lura da shi ba tare da ya sani ba. In kan ya miƙe, to daga ido matsalar take, domin mai kallo da ido ɗaya ba shi da hotuna biyun da zai yi wahalar haɗawa. In bai miƙe ba, kada ku yi saurin wanke idon, don wuyan da ya shekara a karkace yakan ƙage a haka. Nan likita ne zai raba gardama.

Harara-garken da kowa ya sani ita ce ta gefe, inda ido ke shigewa wajen hanci ko ya fice wajen kunne. Ta sama da ƙasa ba ta cika bayyana ga mai kallo ba, amma ta fi takura wa mai ita. Likitocin ido suna auna saɓanin da gilashin firizam, ma'auninsa kuma diyofta: diyofta 1 na nufin hoton ya goce da santimita 1 a nisan mita 1. Ƙwaƙwalwar mai lafiya tana iya haɗiye saɓanin gefe mai ɗan yawa, amma na sama da ƙasa, daga ya wuce diyofta 2 ko 3 sai ta kasa. Shi ya sa za ka ga dattijo idanunsa tas a fuska, amma yana kukan cewa layukan littafi suna hawa juna, ko matakalar bene ta zama biyu a ƙarƙashin ƙafarsa, 'yan gida kuma suna ganin raki ne.

Kowane ido tsokoki 6 ke juya shi, kamar doki mai linzami shida. Biyu na jan sa dama da hagu, waɗannan ba su ne damuwarmu yau ba. Sauran huɗun su ke da sama da ƙasa: miƙaƙƙiya ta sama, miƙaƙƙiya ta ƙasa, sai tsokar gicciye ta sama da ta ƙasa, waɗanda ban da ɗagawa da saukarwa suna kuma murza ƙwayar idon. Wadda ta fi jawo rigima ita ce ta gicciye ta sama. Takan taso daga can bayan ramin ido, ta zo gaba ta ratsa wani ɗan zoben guringuntsi a kusurwar sama ta wajen hanci, sannan ta juya baya ta kama ƙwayar ido ta sama. Ita ke saukar da ido in yana kallon wajen hanci, wato daidai inda ake buƙatarsa wajen karatu, ɗinki, tsintar shinkafa da saukowa daga bene. Jijiyar da ke ba ta umarni ita ce ta huɗu cikin jijiyoyi 12 na kai. Ta fi duk sauran sirantaka, ta fi su doguwar tafiya a cikin ƙoƙon kai, kuma ita kaɗai ce ke fitowa ta bayan tushen ƙwaƙwalwa. Buguwar da ba ta fasa kai ba ma tana iya taɓa ta. Ɗan acaɓar da ya faɗi babu hular kwano, ya tashi ya karkaɗe rigarsa, washegari ya ce yana ganin mota ɗaya a kan wata, yawanci wannan jijiyar ce ta ji jiki. Wasu kuma da raunin aka haife su.

Wanda tsokar gicciye ta sama ta idonsa na dama ta yi rauni, idon daman ne zai hau sama. Abin zai ƙaru in ya kalli hagu, ya ƙara ƙaruwa in ya kwantar da kai kafaɗar dama, don haka sai ya riƙa kwantar da shi hagu. Wannan bin diddigin mataki uku, wanda likitan Amurka Marshall Parks ya tsara a 1958 bisa gwajin karkata kai na Alfred Bielschowsky, shi ne za ku ga likita yana yi in yana juya kan marar lafiya nan da can.

Amma ba kowane saɓanin sama da ƙasa ke nufin tsoka ta yi rauni ba, kuma a nan ne nake so mai karatu ya nutsu, domin sanadin ne ke faɗin lokacin aikin tiyata da irin aikin, wani lokaci ma ya ce kada a yi. Akwai inda tsokar ta ƙage ne. Cutar ido mai alaƙa da maƙoƙo, wadda ke sa idanu su firfito, ta fi kama miƙaƙƙiyar ƙasa ta kumbura ta yi tauri, ta riƙe idon ƙasa. Akwai inda tsokar ta maƙale: naushi ko ƙwallo ya fasa siririn ƙashin da ke ƙasan ramin ido, tsoka ta faɗa tsagar. Akwai yaran da jijiyar tsokar gicciye ba ta zamewa yadda ya kamata a cikin zoben nan, ido ya kasa ɗaguwa in ya kalli wajen hanci. Harold Brown ne ya bayyana wannan a 1950, ana kuma kiran larurar da sunansa. Yaran da aka haifa da harara-garke ta ciki sukan sami ido mai sulalewa sama in sun gaji ko hankalinsu ya tafi wani wuri. Wani tsohon kuma bayan aikin yanar ido abin kan same shi, in allurar kashe zafin da aka yi a gefen ido ta taɓa tsoka.

Kafin komai, babba ya yi wa kansa wannan gwajin: rufe ido ɗaya, sannan ɗayan. In gani biyun ya ɓace duk wanda ka rufe, saɓanin idanu ne. In ya ci gaba alhali ido ɗaya ne a buɗe, ba maganar tsoka ba ce, a nemi yanar ido ko matsalar tabarau.

Akwai waɗanda bai kamata su kwana a gida ba. Gani biyu da ya zo farat ɗaya tare da matsanancin ciwon kai, faɗuwar fatar ido da buɗewar ɗigon baƙin ido, yana iya zama jijiyar jini ce ta kumbura a cikin kai. In ya zo da jiri, harɗewar harshe ko mutuwar gefen jiki, a ɗauke shi a matsayin shanyewar ɓarin jiki har sai an tabbatar ba shi ba ne. Yaron da aka buga wa wani abu a ido, idon fari tas babu kumburi sosai, amma ya kasa kallon sama, yana ta tashin zuciya da amai, wataƙila tsokarsa ce ƙashi ya datse. Ƙashin yara yakan tsage ya koma ya rufe a kan tsokar, kuma ana son a sake ta cikin kwana 1 zuwa 2 kafin ta lalace. Jaririn da idonsa ya karkace kuma ana hango fari a tsakiyar baƙin idon, shi ma a ruga da shi, don ciwon dajin ido na yara yakan fara nuna kansa a haka.

In an fitar da waɗannan, shawarar da ta fi kowace wuyar karɓa ita ce a jira. Mai ciwon suga ko hawan jini da jijiyarsa ta yi rauni, galibi takan farfaɗo da kanta cikin wata 3, wani ya kai 6. Wanda ya bugu a kai, shi ma akan ba shi aƙalla wata 6. Mai cutar maƙoƙo sai awon ya tsaya cak bai canza ba na kamar wata 6, ya kuma bar sigari, don hayaƙinta na hura wutar cutar; in kuma akwai buƙatar aikin faɗaɗa ramin ido, shi ake fara yi, sannan tsoka, fatar ido ta zo ƙarshe. Wanda gani biyunsa ke sauyawa, da safe lafiya lau, da yamma fatar ido ta faɗo, a binciki cutar gajiyar tsoka, wadda da magani ake tunkararta. Duk wanda ya matsa aka yi masa aiki a kan awon da bai zauna ba, an gyara masa idon jiya ne, na gobe kuma yana nan tafe. Ina ganin likitan da ya ce maka "dawo bayan wata biyu mu sake aunawa" ya fi cancantar amincewarka a kan wanda ya ba ka ranar tiyata a zaman farko.

Jiran ba zaman banza ba ne. Ana iya manna siririn firizam na roba a bayan gilashin tabarau, a canza shi in awon ya canza. In babu, a lulluɓe gilashin ido ɗaya da farin salatif mai dishi-dishi. Babba ba abin da rufe ido zai yi wa ganinsa. Yaro ƙarami kuwa kada a rufe masa na tsawon kwanaki sai da umarnin likita. Mai ganin biyu ya ajiye tuƙi. In saɓanin kaɗan ne, ƙasa da diyofta 10, kuma kusan ɗaya yake duk inda aka kalla, firizam da aka sassaƙa cikin tabarau zai iya wadatarwa har abada. Inda ba ya aiki shi ne in hoton ya murɗe, ko saɓanin ya bambanta sosai daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Ga yara kuwa, tabarau da maganin ragon ido su ke gaba. Idon da ƙwaƙwalwa ta yi watsi da shi ba ya koyon gani, kuma tiyata ba ta koya masa. Rufe mai ƙarfin na wasu sa'o'i a kullum shi ne maganin, ya kuma fi ci kafin shekara 7 ko 8. Shi yaron da ke karkata kai, abin mamaki, sau da yawa ganinsa na ido biyu lafiya yake, karkatawar ce ta cece shi. Don haka kada a tilasta masa miƙewa. Amma kada kuma a bar shi shekara da shekaru, domin fuskar mai karkata kai tun yarinta takan tashi gefe ɗaya ya fi ɗaya cika.

Ranar zuwa asibiti, ku nemi likitan da ya ƙware a idon yara da karkacewar ido, ko da marar lafiyar babba ne, don su ne ke wannan aikin yau da gobe. Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, Asibitin Ido na ECWA a Kano da asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika wurare ne da za a fara tambaya. Ku tafi da tabarau, da duk magungunan da ake sha, da tsofaffin hotuna. Hotunan nan na da muhimmanci ƙwarai. Mutum mai shekara 40 zai rantse abin bara ya fara, a ɗauko hotonsa na firamare a gan shi a layin baya kansa a kwance gefe guda. Wannan na nuna da raunin aka haife shi, ƙarfin haɗa hotunan ne ya ƙare da girma, kuma yana iya rage masa kashe kuɗi a hotunan ƙwaƙwalwa.

Shi aikin, bari in fara kawar da tsoron da ya fi yawo: ba a ciro ido a ajiye a faranti. Ba a ma shiga cikinsa. Ana buɗe fatar ido da ɗan ƙarfe, a tsaga siririyar fatar da ta lulluɓe farin ido, a saƙalo tsokar da ƙugiya. Ba a yanka fatar fuska. In ana son rage wa tsoka ƙarfi, sai a cire ta daga mazauninta a ɗinke ta baya da 'yan milimitoci. In ana son ƙara mata, a rage tsawonta ko a naɗe ta. A miƙaƙƙun sama da ƙasa, kowace milimita 1 tana gyara kimanin diyofta 3, ka ga ke nan kuskuren da bai kai kaurin ƙwayar gero ba yana iya sauya sakamako. Zaren da ake ɗinkin da shi narkewa yake da kansa cikin makonni.

A raunin tsokar gicciye ta sama, abin da aka fi yi shi ne sassauta kishiyarta, wato ta gicciye ta ƙasa a idon nan, wadda ta sami fili take fizgar ido sama. Wannan shi kaɗai yakan gyara har kimanin diyofta 15. In saɓanin ya wuce haka sai a ƙara da tsoka ta biyu, sau da yawa miƙaƙƙiyar ƙasa ta ɗaya idon. A nan iyaye kan tayar da hankali: "Likita, ai wancan ne marar lafiyar, me ya kai ka mai lafiyar?" Ba ruɗewa ya yi ba. Idanu biyu umarni ɗaya suke karɓa, abin da ake nema kuma shi ne su daidaita da juna, ko ta wane ɓangare aka bi. In jijiyar tsokar ta yi sako-sako, kamar yadda akan samu a waɗanda aka haifa da ita, ana iya naɗe ta. Wanda kuma babban kukansa murɗewar hoto ce, yana ganin bango kamar zai kife, akwai aikin da likitocin Japan biyu, Harada da Ito, suka fito da shi a 1964, inda ake matsar da gaban jijiyar kaɗai don a warware murɗewar ba tare da an taɓa tsayin idon sosai ba. Mai cutar maƙoƙo sassauta masa ƙagaggiyar tsokar ake yi. Masu larurar Brown da yawa ba sa buƙatar aiki sam, in dai idon daidai yake a kallon gaba kuma kan bai karkace ba.

Babba ya tambaya ko za a yi masa ɗinki mai zarge, wanda ake iya gyarawa. Ana ɗaure tsokar da ƙullin wucin gadi, bayan ya farfaɗo a ɗiga masa maganin kashe zafi, a zaunar da shi ya kalli wani abu, a ja zaren ko a sassauta har hoton ya haɗe, sannan a ƙulle. Ba daɗi gare shi ba, amma mintoci ne, kuma yana da amfani a idon da aka taɓa yi wa aiki ko tsokar da ta ƙage. Ba kowane likita ke yin sa ba, rashinsa kuma ba aibi ba ne.

Tambayar da ta fi wannan nauyi ita ce: a ina zan ga abu ɗaya bayan aikin? Likitan kirki zai ce maka a kallon gaba da kallon ƙasa, inda rayuwa take. Can ƙuryar sama ko ƙarshen gefe, wataƙila biyun su rage. Wanda ya shiga da wannan sanin yakan fito da godiya, wanda kuma ya zaci za a mayar masa da idon ƙuruciya yakan ga kamar an cuce shi. A kuma sani aikin ba ya ƙara kaifin gani, ba ya raba mutum da tabarau. Ka tambayi yiwuwar aiki na biyu, ka sa shi cikin lissafin kuɗinka tun yanzu. Gyaran yakan gaza ko ya zarce. Miƙaƙƙiyar ƙasa ta shahara da zarcewa bayan makonni, musamman ga masu maƙoƙo, tana kuma iya jan fatar ido ta ƙasa ta ɗan sauka. Wanda ya bugu a kai, wani lokaci jijiyoyin biyu ne suka taɓu, na ɗaya idon ya ɓuya sai an gyara na farko ya fito. Munanan matsaloli, irin su allura ta huda farin ido, tsoka ta kuɓuce ko ƙwayar cuta ta shiga, ba kasafai suke faruwa ba, amma haƙƙinka ne a faɗa maka su kafin ka sa hannu.

Yara allurar barci ake musu, manya ma galibi haka. A bi umarnin hana abinci sau da ƙafa, yawanci sa'a 6. Uwa kada tausayi ya sa ta ba shi koko a ɓoye, don abin da ke ciki yana iya komawa huhu in an sa shi barci. A gaya wa mai ba da maganin barci in akwai sikila, asma, mura ko zazzaɓi, ko in wani a dangi ya taɓa shan wuya da allurar barci. Mai shan maganin tsinka jini ya faɗa tun da wuri, kada ya daina da kansa. Aikin kan ɗauki kamar sa'a guda, ya danganta da yawan tsokokin, kuma da yawa a ranar suke komawa gida.

Kwanakin farko ido zai yi ja, ya riƙa kaikayi kamar da yashi a ciki, hawaye ma su fito da ɗan jini-jini. Yara kan yi amai a ranar. Duk wannan ba abin firgita ba ne, jan kuma yakan ɗauki makonni kafin ya washe. A wanke hannu kafin ɗiga magani. A ajiye kwalli da tozali, kada a ɗiga nono, ruwan ganye ko wani abin da maƙwabciya ta kawo. Wajen alwala a wanke fuska ido a rufe, a goge da tsabtataccen ƙyalle. Yaro ya haƙura da kududdufi da wasan ƙasa na mako 2, in lokacin hunturu ne kuma a sa masa tabarau saboda ƙura. Karatu da kallon talabijin ba sa ɓata ɗinki, amfani da idanun biyu tare ma shi ake so.

Abin da zai sa a koma asibiti ba jiran ranar da aka rubuta shi ne ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, kumburin fatar ido da zazzaɓi, ruwan mugunya, raguwar gani, ko ido ya kasa juyawa wani ɓangare farat ɗaya. Ɗan gani biyu a makon farko kuwa ba ya nufin aikin ya ɓaci, tsokoki na kumbure, ƙwaƙwalwa kuma na sabon koyo. Yaron da ya saba karkata kai ma zai iya ci gaba da yi na ɗan lokaci. Sai wajen mako 6 zuwa 8 ake sake cikakken awo a san inda ido ya zauna. In ɗan saɓani ya rage, ƙaramin firizam a tabarau yakan share shi. In da yawa ne, a sake aunawa sau biyu a ga awon ya tsaya kafin a sa ranar aiki na biyu.